Yadda Ake Auna Tsawo da Salon Amsa a Jarrabawar Ilimin Addini

Ɗalibin da ke shirin zana jarrabawar ilimin addini a ƙarshen sakandare, ko ta hukumar WAEC ce, ko ta NECO, ko kuwa ta NBAIS da ɗaliban makarantun Larabci da Islamiyya ke zanawa, yakan so a faɗa masa adadin shafukan da zai cika a kan kowace tambaya, yakan kuma so sanin ko ƙawata zance zai ƙara masa maki. Babu wani adadin shafi da aka yanka wa kowa. Abin da ke akwai shi ne, malamin da zai duba takardarka yana zaune da jagorar ba da maki a gefensa, wadda a cikinta aka jera abubuwan da ake sa ran gani a kowace amsa, kowane abu da makin da aka ware masa. Idan ya ci karo da ɗaya daga cikinsu a rubutunka sai ya sa alama da jan biro ya ba ka makinka, idan kuwa bai gani ba, ko da ka cika shafi uku da kyakkyawan zance, biron nan ba zai motsa ba. Duk wata shawara da za a ba ka game da tsawo da salo, daga wannan hali na mai duba takarda ta samo asali.

Abu na farko da za ka yi, tun kafin ka ɗora biro a kan takardar amsa, shi ne lissafin lokaci. Ka karanta umarnin da ke saman takardar tambayoyi da kyau, domin a nan ne za a faɗa maka tambaya nawa za ka amsa, da ko akwai wadda take wajibi a kan kowa, da lokacin da aka ba ka. A ce an ba ka awa biyu ka amsa tambayoyi huɗu. Idan ka ware minti goma na farko don karanta tambayoyin da zaɓen waɗanda ka fi ƙarfi a kansu, ka kuma ware minti goma na ƙarshe don sake duba abin da ka rubuta, saura minti ɗari, wato minti ashirin da biyar ga kowace tambaya. Abin da hannunka zai iya rubutawa a cikin wannan lokaci, da rubutun da wani zai iya karantawa ba tare da ya matse ido ba, shi ne iyakar tsawon amsarka. A ganina, ga mai matsakaicin rubutun hannu, hakan ba ya wuce shafi ɗaya zuwa ɗaya da rabi na littafin amsa, kuma amsar da aka tsara da kyau takan kwashe dukkan makin tambaya a cikin wannan fili.

Kuskuren da ya fi cin ɗalibai masu ƙoƙari shi ne su tarar da tambayar da suka sani ciki da bai, su zauna a kanta minti hamsin suna zuba duk abin da ke kansu, sannan su isa tambaya ta huɗu saura minti biyar a ce a ajiye biro. Makin tambaya ba ya ƙaruwa don ka daɗe a kanta. Idan maki ashirin da biyar aka ba ta, to ashirin da biyar ɗin ne ƙarshenta, alhali tambayar da ka bari babu komai a ƙarƙashinta sifili za ta ba ka, ko da kuwa da ka samu minti goma sha biyar a kanta za ka iya tsintar rabin makinta.

Bayan lokaci, sai ka dubi makin da aka rubuta a gefen kowane ɓangare na tambaya, inda aka rubuta shi. Sau da yawa tambaya ɗaya takan kasu kashi biyu ko uku, kuma makinsu ba ɗaya ba ne. Ɓangaren da aka ba maki huɗu bai cancanci fiye da layi huɗu ko biyar ba, wanda aka ba maki goma sha biyar kuwa shi ne zai ci mafi yawan shafinka. Idan an faɗi adadi a cikin tambayar, aka ce ka kawo darussa biyar, to ka kawo biyar cif. Wanda ya kawo uku ya zubar da maki da hannunsa, wanda ya kawo tara kuma ya kashe lokacinsa a kan huɗun da babu gurbinsu a jagorar maki.

Daga nan sai irin aikin da tambayar ta sa ka, domin shi ne ke nuna zurfin da za ka shiga. Ko da Turanci aka yi tambayar ko da Larabci, ba ta wuce ta ce ka lissafa, ko ka yi bayani, ko ka ba da labarin wani abu da ya faru, ko ka tattauna. Idan aka ce ka lissafa farillan alwala, abin da ake bukata shi ne ka jera su kamar yadda ka koya a mazhabar Malikiyya: niyya, wanke fuska, wanke hannaye zuwa gwiwar hannu, shafar kai, wanke ƙafafu zuwa idon sawu, cuccuɗawa, da jerantawa ba tare da jinkiri ba. Bakwai ke nan, layi bakwai, kuma amsa ta cika. Babu bukatar ka fara da falalar tsarki ko ka ƙare da ladan mai kyautata alwala, duk da cewa gaskiya ne, domin ba a tambaye ka ba.

Idan kuwa aka ce ka yi bayani, jerawa kawai ba ta wadatar ba. A ɗauki tambaya a kan waɗanda suka cancanci a ba su zakka. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci rukuni takwas, kuma ɗalibin da ya jera sunayensu kawai zai samu wani abu, amma ba duka ba. Abin da ake so shi ne kowane rukuni ya samu jimla biyu ko uku: ka ambace shi, ka faɗi ko wane ne, ka ƙara da dalili ko misali. Ga yadda guda ɗaya zai kasance: "Ma'aikatan zakka su ne waɗanda shugaba ya naɗa don tattara ta da rubuta ta da rarraba ta. Ana ba su daga cikinta a matsayin ladan aikinsu, ko da kuwa su ba mabuƙata ba ne." Jimla biyu ne kacal, amma sun ƙunshi suna da ma'ana da hukunci. Idan ka yi wa rukuni takwas ɗin haka, ka samu kusan shafi guda, kuma babu layin da ya tafi a banza.

Tambayoyin tarihi su ne suka fi jan ɗalibai zuwa ga dogon zance, saboda haka ya kamata a tsaya a kansu sosai. A ce an tambaye ka sharuɗɗan sulhun Hudaibiyya da amfanin da Musulmi suka samu daga gare shi. Wani ɗalibi zai fara da yanayin Makka a zamanin jahiliyya, ya gangaro kan wahalar da Musulmi suka sha a hannun Kuraishawa, ya bi ta kan Hijira ta shekarar 622, ya taɓa Badar da Uhudu da Handak, kafin ya iso Hudaibiyya ya riga ya cika shafi guda, bai kuwa samu maki ko ɗaya ba. Wani kuma zai buɗe da cewa an ƙulla sulhun ne a shekara ta 6 bayan Hijira, daidai da 628 Miladiyya, tsakanin Annabi (SAW) da Kuraishawa waɗanda Suhailu bin Amr ya wakilta, bayan an hana Musulmi shiga Makka don yin umara. Daga nan sai ya shiga sharuɗɗan kai tsaye: za a ajiye makamai na shekara goma, Musulmi za su koma Madina a wannan shekara ba tare da sun yi umara ba, za su dawo a shekara mai zuwa su yi kwana uku a Makka, ba su ɗauke da makami sai takubba a cikin kube, duk wanda ya gudu daga Kuraishawa zuwa Madina ba da izinin waliyyinsa ba za a mayar da shi, amma wanda ya bar Musulmi ya koma Makka ba za a dawo da shi ba, kuma kowace ƙabila tana da damar ƙulla ƙawance da ɓangaren da ta ga dama, wanda a kan haka ne Khuza'a ta bi Annabi (SAW), Banu Bakr kuma ta bi Kuraishawa. Sannan ya kawo amfanin: Kuraishawa sun amince da Musulmi a matsayin al'ummar da ake yarjejeniya da ita, an samu zaman lafiyar da ya ba da damar aika wasiƙun kira ga sarakuna, mutane da yawa sun musulunta a wannan tsakani, kuma karya sulhun da aka yi shi ya buɗe hanyar cin Makka a shekara ta 8 bayan Hijira. Amsa ta biyu ta fi ta farko gajarta, amma a kowace jimla tata akwai inda jan biro zai sauka.

Abin da ke ɗaukar maki a amsar tarihi shi ne suna da shekara da wuri da dalili da sakamako, a jere yadda suka auku. Idan kana ba da labarin tattara Alƙur'ani, sai a ga yaƙin Yamama da mutuwar mahaddata da yawa a cikinsa, a ga shawarar da Sayyidina Umar ya ba Halifa Abubakar, a ga Zaidu bin Sabit da aka ɗora wa aikin, a ga takardun sun koma hannun Umar, daga baya hannun Nana Hafsa, sannan a ga Huzaifa bin Yaman ya kai wa Halifa Usman rahoton saɓanin karatu har aka kwafi mus'hafi ɗaya aka aika manyan garuruwa. Haka nan a tambaya kan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, hijirarsa daga Degel zuwa Gudu a 1804, da yaƙin Tafkin Kwatto a wannan shekara, da faɗuwar Alkalawa a 1808, sun fi sakin layi guda na yabon Shehu nauyi a ma'aunin mai duba takarda.

Wannan ya kawo mu ga tarkon da ya keɓanta da darasin addini, wanda ba a cika samunsa a lissafi ko labarin ƙasa ba, wato wa'azi. Ɗalibin da ya taso yana sauraron huɗuba da tafsiri ya saba da zance mai buɗewa da doguwar hamdala da salati, mai jan hankali da tsoratarwa da kwaɗaitarwa, mai rufewa da addu'a. Wannan salo yana da muhallinsa, kuma muhalli ne mai daraja, amma ɗakin jarrabawa ba mumbari ba ne. Mai duba takardarka ba ya neman ka shiryar da shi, yana neman ya tabbatar ka san abin da ke cikin manhaja. Idan aka tambaye ka nisabin zakka, jimlar da ke cewa zinariya dinari ashirin ne, azurfa dirhami ɗari biyu, raƙuma biyar, shanu talatin, tumaki da awaki arba'in, ita ce amsa. Layi goma a kan azabar mai hana zakka ba za su maye gurbinta ba. Haka nan roƙon da wasu ke rubutawa a ƙarshen takarda, suna haɗa malami da Allah ya taimaka musu, ba ya cikin abin da ake ba maki, kuma yana nuna wa mai dubawa cewa ɗalibin da kansa bai yarda da abin da ya rubuta ba.

Ba ana cewa a zubar da ladabi ba ne. Ka rubuta salati a taƙaice bayan ambaton Annabi, ka girmama sahabbai yadda ya dace, wannan ba ya cin lokaci. Idan kuma tambayar da kanta ta nemi darussan da za a koya, to a nan ma sai ka rubuta su a matsayin darussa masu tushe a nassin, ba nasiha ta gaba ɗaya ba. Cewa yaƙin Uhudu ya koyar da illar saɓa wa umarnin shugaba, domin maharban da aka ajiye a kan dutse ƙarƙashin Abdullahi bin Jubair mafi yawansu sun bar wurinsu don ganima har Khalid bin Walid ya zagayo ta baya, darasi ne da aka ɗaure da hujja. Cewa ya kamata mu ji tsoron Allah mu yi biyayya kuwa magana ce ta gaskiya da za a iya liƙa wa kowace tambaya, shi ya sa ba ta da nauyi a kan ko ɗaya.

Kawo aya ko hadisi yana ƙara wa amsa ƙarfi matuƙar an kawo shi daidai kuma a wurinsa. Aya ɗaya da ta dace ta wadatar ga kowane batu, ba sai ka jero huɗu ba. Idan ka tabbatar da sura da lambar aya, ka rubuta su. Idan ka san surar amma lambar ta shige maka duhu, ka ambaci surar kawai. Idan kuwa lafazin ne ba ka riƙe da kyau ba, ka faɗi ma'anarsa da kalmominka ba tare da ka sa shi a cikin alamar zance ba. Jingina wa Alƙur'ani ko Annabi (SAW) lafazin da ba nasu ba laifi ne a addini, kuma malamin da ke duba takardar yakan gane shi nan take. Akwai kuma tambayoyin da suka keɓanta da nassi, inda za a ce ka rubuta wata gajeriyar sura ko ɗaya daga hadisan Arba'una na Imam Nawawi da Larabci ko da baƙaƙen boko, ka fassara, sannan ka fitar da darussa. A irin wannan babu zancen salo ko kaɗan a kashi biyun farko. Ana bin rubutunka ne aya bayan aya, kuma tsallake kalma ko sauya jerin ayoyi shi ke rage maki, saboda haka a nan natsuwa ta fi gudu amfani.

Salon da ake so, in an taƙaita shi, shi ne wanda zai sa mai dubawa ya ga batunka ba tare da ya yi tono ba. Ka tuna cewa takardarka ɗaya ce daga cikin tarin da ke gabansa, kuma wataƙila ya iso kanta a gajiye. Ka rubuta lambar tambaya da harafin ɓangarenta a fili, ka fara kowace sabuwar tambaya a sabon shafi, ka ba kowane batu sakin layinsa, ka sa batun a jimlar farko sannan bayani ya biyo baya. Gabatarwa kada ta wuce jimla biyu, kuma mafi kyawunta ita ce wadda ta ba da ma'anar abin da ake tambaya, kamar ma'anar taimama ko ta shirka, domin sau da yawa ma'anar kanta tana da maki. Kammalawa kuwa, a matakin sakandare, ba ta zama dole ba, musamman idan maimaita abin da ka riga ka faɗa za ka yi. Ka yi amfani da kalmomin fannin a inda suka dace, irin su nisabi, idda, isnadi, matani da ijma'i, domin kalma ɗaya daga cikinsu takan yi aikin jimla guda. Amma manyan kalmomin Turanci da aka haddace don burgewa, waɗanda mai rubutun bai tabbatar da ma'anarsu ba, sukan karkatar da hukunci, kuma a fiƙihu bambancin wajibi da mustahabbi ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗalibin Ilimin Addinin Kirista ma ƙa'idar ba ta sauya masa ba. Idan aka ce ya ba da misalin Basamariyen kirki da ke Luka sura ta 10, ana sa ran ganin masanin Attaura da ya yi tambayar, da mutumin da 'yan fashi suka tare a hanyar Urushalima zuwa Yariko, da firist da Balawe da suka ratse suka wuce, da Basamariyen da ya zuba mai da ruwan inabi a raunukansa ya kai shi masauƙi ya biya dinari biyu. Wanda ya tsallake waɗannan ya shiga wa'azin ƙaunar maƙwabci ya faɗa ramin da ɗan'uwansa Musulmi ke faɗawa.

A jami'a da kwalejin ilimi ne ma'aunin ke ɗan sauyawa, domin a can tambayar da ke cewa ka tattauna ta fi yawa, kuma malamin da ya koyar da kai shi ne yawanci zai duba takardarka. A nan amsa takan kai shafi biyu ko uku, ana kuma ba tsari da hujja muhimmanci. Ba a wadatuwa da ka ce farillan alwala bakwai ne. Ana so ka nuna cewa aya ta 6 a Suratul Ma'ida gaɓoɓi huɗu ta ambata, Hanafiyya suka tsaya a kan huɗun, Shafi'iyya suka ƙara niyya da bin tsari suka zama shida, Malikiyya kuma suka kai bakwai, sannan ka bayyana inda kowa ya dogara. Haka bambancin faƙiri da miskini, inda Malikiyya ke ganin miskini ya fi shiga ƙunci, Shafi'iyya kuma suke ganin faƙiri ne ya fi. A wannan mataki gabatarwar da ke nuna hanyar da za ka bi tana da amfani, kammalawar da ke faɗin ra'ayin da ka rinjayar da dalilinka ma haka. Sai dai ko a nan, ƙarin tsawon ya zo ne daga ƙarin hujja, kuma sukar mazhabar da ba taka ba ko ƙungiyar da kake saɓani da ita ba ya cikin tattaunawar ilimi.

Hanyar da za ka san ma'auninka tun kafin ranar jarrabawa ita ce gwaji da agogo. Ka samo tambayoyin shekarun baya, ka zaɓi guda, ka ɗauki minti biyu ka jera batutuwanka da kalma ɗaiɗai a gefen takarda, sannan ka rubuta cikakkiyar amsa a cikin minti ashirin da biyar, ka tsaya ko ka gama ko ba ka gama ba. Bayan haka sai ka ɗauki jan biro ka zama mai duba kanka: ka ja layi ƙarƙashin kowace jimla da ke ɗauke da suna, ko shekara, ko hukunci, ko hujja, ko darasi mai tushe, ka ƙirga su, ka kwatanta da makin tambayar. Jimlolin da suka rage babu layi a ƙarƙashinsu su ne za ka cire a gwaji na gaba, ka sa lokacinsu a kan batutuwan da ka jera a gefe ba ka samu isa gare su ba. Idan akwai malami a makarantarku da ya taɓa zuwa duba takardun jarrabawa, ka kai masa irin wannan amsa guda biyu ko uku ya yi maka maki kamar yadda ake yi a can, ya nuna maka wuraren da ya ba ka da wuraren da ya wuce.